Tela ya manta sunansa

Yaya,

Na fita kana barci, kada layin ofishin fasfo ya yi tsawo. Ka yi haƙuri da masifar da na yi maka jiya da muke gwajin tambayoyin. Ka zauna kamar jami'i, ka kira cikakken sunana har sau uku, ni kuwa ina ta waiwayen ƙofa in ga wa ya shigo. Shekara talatin kowa Tela yake ce mini, har Inna!

Da ka tashi ka buga mini waya ka kira ni da sunan, kunnena ya saba kafin layi ya zo kaina. Idan na ce maka ba lambarsa ba ce, kada ka kashe, ni ne.

Ƙaninka, Tela. Au, ka gani ko?