Mama Ta Kushe Miyata

Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa daga Akurba. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina Anti Rifkatu da yara? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Ka kwantar da hankalinka, Mama ba ta haukace ba. Tun da hawan jini ya kayar da ita, in za ta ce ruwa sai ta ce tsintsiya, har Kawu Dauda ya dage a kai ta ƙauye wurin mai magani.

Likita ne ya tura mu wurin wata malama mai koyar da gyaran magana, wadda ke bincike kan masu irin wannan ciwo. Ita da ɗalibanta suka zauna da Mama, suna nuna mata hotuna. Daga baya ta ce mini, "Hankalinta garau yake. Ta san abin da take son faɗa, hanyar fitowar kalmomin ce ta taɓu a ƙwaƙwalwa. Ku daina ƙarasa mata magana, ku jira ta."

Jiran nan akwai wuya, Yaya. Amma jiya ina ba ta tuwo sai ta riƙe hannuna, leɓenta na rawa. Na daure na yi shiru. Can ta ce, "Ladi, gishiri ya yi yawa." Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Kawu na zaune, kuma bai sake zancen ƙauye ba.

Ku ci gaba da yi mana addu'a, sunanka bai fito daga bakinta ba tukuna. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Ladi