Na Ɗauki Tulunki, Inna

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba zan tambaye ki ya jiki ba, don na san inda kike babu hawan jini, babu layin asibiti. Mu ma nan Yalwawa muna lafiya, jikokinki sun girma, sun cika gidan da hayaniya.

Dalilin rubuto miki, Inna, muryata ce. Kin tuna maƙoƙon nan da kika yi ta fama da ni in je a duba, ni kuma ina rufe shi da mayafi? To, bara an yi mini aiki a Kano an cire shi. Na warke, amma murya ba ta dawo ba. Magana ina yi, kamar mai raɗa. Waƙa kuwa, likita ya ce kada in sa rai.

Ke kin san abin da wannan yake nufi a wurina. Tun ina sabuwar amarya ni ke ba da waƙa a zumuntar mata, sauran su amsa. Lahadin farko da na koma coci, Maman Ladi ce ta ɗauko waƙar da na saba ɗaukowa. Na buɗe baki zan amsa, iska kawai ta fito. Na sunkuya na sha kukana cikin mayafi.

Daga nan na fara samun dalilai. Wannan makon ciwon kai, wancan makon baƙi. Ba fushi nake da Allah ba, Inna. Ban dai san abin da zan je in yi a gabansa ba. A ganina sujada waƙa ce, ni kuma an karɓe tawa.

Sai na yi ta tuna ki. Ki yi haƙuri in faɗa, ke ba ki taɓa iya waƙa ba. In mata suka nufi Takur, muryarki Ringim take tafiya. Shi ya sa aka ba ki tulu, kina zaune can gefe kina buga bakinsa da soso, dum, dum. Ni kuwa ina gaba riƙe da makirfo, ina ganin ni ce mai sujada, ke taya ni kawai kike yi.

Kin tuna Hajiya Babba, uwargidan Malam mai makarantar allon bayan gidanmu? Duk Lahadi in kin kai mata ajiyar makulli kin ce za mu sujada, sai ta ce, "Wace irin sujada ce taku a kan benci, goshi bai taɓa ƙasa ba?" Ke kuma ki ce, "Hajiya, namu goshin a ciki yake." Ku yi ta dariya har mu makara. Ni na ɗauka tsokana ce kawai ta tsofaffi.

Tana nan da ranta, amma gwiwoyi sun ƙi. A kan kujera take salla yanzu, ta ɗan sunkuyar da kai. Kwanan baya na kai mata kunu, ta tsare ni da tambaya, wai me ya sa ta daina ganin makullina ranar Lahadi. Na raɗa mata dalili. Ta dube ni, ta buga hannun kujerarta ta ce, "Ni da nake tsokanar Innarki, ga ni nan. Don goshina bai kai ƙasa ba sai in bar salla? Tashi ki je, 'yar nan."

Na dawo gida maganarta tana cina, sai ta tono mini wata maganar taki. Lahadin da ta biyo bayan jana'izar Baba, kowa ya ce ki zauna ki huta. Kika ɗaura ɗankwali kika fita. Na ga hawayenki yana ɗiga a cikin tulun, hannunki kuma bai saɓa bugu ba. Da na tambaye ki yadda kika iya, kika ce, "Ai Allahn jiya ne, bai canza ba."

Yanzu na gane, Inna. Ba don Allah ya rasa mawaƙa yake kiranmu ba. Mu ne muke mantuwa, sai mun je mun durƙusa mu tuna wanda ya yi mu, wanda ya fanshe mu. Kuma mutum da abin da ya rage masa yake zuwa, ko murya, ko hannu, ko hawaye.

Jiya Lahadi na kai wa Hajiya makulli, na nufi coci. Na tarar da tulunki a ɗakin ajiya bayan coci, babu mai taɓa shi tun da kika tafi. Na goge shi, na zauna a gurbinki. Bugun farko na kauce, Maman Ladi ta waiwayo ta harare ni, irin hararar da ni nake yi miki. Na kusa yin dariya. Daga nan na kama, ƙarar tana shiga har ƙirjina.

Ba ki taɓa gaya mini ba, ashe daga gefen nan ana jin muryar kowa, har ta tsohuwar da ke benci na ƙarshe. Duk shekarun da na yi a gaba, tawa kaɗai nake ji.

Ina kewarki ƙwarai, Inna. Ubangiji ya ci gaba da hutar da ke a gabansa, ya ƙara wa Hajiya Babba lafiya, ni kuma ya riƙe hannuna kada ya saɓa bugu. In mun haɗu can, ke ki ba da waƙar yadda kika ga dama, ni zan riƙe miki tulu. Amin.

Taki har abada,
Rifkatu