Zanen Gado Ba Ƙamshi

Litinin, 3 ga Maris

Otal ya kai ƙara kotu. Kwamitin sasanci ya ce su biya ni kuɗin wankin shekara guda, har da tarar jinkiri, su kuma suka ce kwamitin ba shi da hurumi. Lauyana ya ce, "Hajiya, sai haƙuri." Digiri na yi a kan tattalin arziki, yau ga ni ina biyan mutum don ya ba ni haƙuri.

Da safe kuma motarmu ta kwaso zannuwan gadonsu kamar kullum. A kotu ba su san ni ba, a ƙofar baya ni ce mai wankinsu. In na daina karɓa, injinan su tsaya, ma'aikata su watse.

Alhamis, 6 ga Maris

Manajan otal ya kira. Wai in karɓi rabi, su janye ƙarar. Shekaranjiya na roƙi masu guga su yi min haƙurin albashi. Wa ya kai masa labari?

Laraba, 12 ga Maris

An ɗage zama. Na hango lauyana da nasu a jikin mota suna ta dariya. Wai ajinsu ɗaya. To.

Talata, 18 ga Maris

Manaja kuma. Murya kamar mai gaisuwar mara lafiya: "Na san abubuwa sun yi miki nauyi." Tayin ya sauko ƙasa da rabi.

Kawu ne ke kai kaya otal. Ƙanin Inna, mutumin kirki, amma bai taɓa wuce benci da mai shayi bai zauna ba, masu gadin otal duk abokansa ne. Na ce masa zan sayar da babban inji. Ƙarya ce, shi kaɗai na faɗa wa. Mu ga ta inda za ta ɓullo.

Juma'a, 21 ga Maris

Ban iya jira ba. Na ce, "Kawu, ka huta da tuƙin nan, saboda bayanka." Bayansa lafiya ƙalau, shi ma ya sani. Ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce, "To, ɗiyata." Inna ba ta ɗaga wayata.

Litinin, 24 ga Maris

Ni na kai kaya. Shugabar masu gyaran ɗakuna ta zaro rigar matashi, ta kai hanci.

"Kin canza sabulu, ko? Turaren nan ma ya ɓace, sitaci ya bi bayansa. Ai Manaja da kansa yake saukowa yana shinshinawa. Ya ce ranar da kaya suka zo babu leda, a shirya miki biron sa hannu, kin kai ƙarshe."

Ta yi dariya, na taya ta. Ledar da ta rage min ba za ta kai Juma'a ba.

Maganar babban inji kuwa, ba wanda ya ji ta.

Talata, 1 ga Afrilu

'Yan kunnena na gwal sun tafi. Sun dawo a matsayin turaren wanki, sitaci, da leda mai kauri, wadda ko lokacin da nake da hali ban saya ba. Lissafin bai yi ma'ana ba, malamaina da sun gani da sun karɓe digirin. Amma zai kai ni zaman kotu na gaba.

Manaja ya kira ɗazu. Na bar wayar ta gama kukanta.

Makullin motar kullum ina mayar da shi inda Kawu ya ajiye shi. Jiya na aika a gaya wa Inna motar na buƙatar wanda ya san halinta. Yau da safe babu makulli, babu mota. Kawu ya koma bakin aiki. Na dai sa a cika masa flas da shayi. Don kada ya ɓata lokaci a hanya ne, ba wani abu ba.