Barewar da Baba Ke Marmari

Assalamu alaikum Yaya Sule,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya Hadiza da yara? Mu nan Tabotaki lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu, sai dai jikin Baba ya ƙi daɗi.

Abinci ya fita ransa, naman barewa kawai yake marmari, kuma ya ce da tsohon kwari da bakansa za a harbo. Na sauko da su, na shiga bin sawu a kwarin bayan dutse tun kafin a buɗe farauta. Bareyi maza biyu na gani, wani matashi mai ƙiba da wani tsoho mai karyayyen ƙaho. Ka san dokar Baba, ba a taɓa matashi, shi ne iri. Sai na zaɓi tsohon.

Da na gaya mishi, sai ya tashi zaune ya ce, "Ƙahon hagu? Ni na karya shi, da kibiyata ta ƙarshe kafin idona ya mutu. Wanda Allah ya tsirar daga hannuna, ɗana ba ya kashe shi."

Na ce, "To matashin fa, Baba?"

Ya ce, "Kai, hauka kake?"

Gari na wayewa kuma ya tambaye ni ina namansa!

Yaya, wallahi kaina ya kulle. Ka fi ni sanin halinsa, wanne zan harba? Ko dai ba nama yake nema ba?

Inna na gaishe ku. Ku sa mu a addu'a, kuma ka yi saurin amsawa, don tsakanin tsofaffin nan biyu, Baba da mai karyayyen ƙahon, ban san wanda zai riga tafiya ba.

Ƙanenka,
Illa