Bature Ya Iya Faɗin Mirriya

Yaya Hajjo,

Gaisuwa mai yawa daga Abijan. Ya yara, ya haƙuri da farin nan? Ni lafiya lau, barci ne kawai ba na samu.

Attajirin Baturen da nake wa girki bai taɓa taka Damagaram ba, amma kwanan nan sai da na koya masa faɗin sunan garinmu, Mirriya. Zai aiko muku da gero. Ya riga ya zaɓar muku ɗan majalisa, ni na zuba wa mutumin miya ranar da ya zo gidan Baturen.

Ku karɓi geron, yara su ci. Amma don Allah ki hana mijinki Sha'ibu sukar ɗan majalisar a kasuwa. Jiya Baturen ya tambaye ni yadda ake faɗin Sha'ibu.

Allah ya tsare mana shi.

Ƙanenki,
Alkasum