Bencin Silimar Dogo

Zongo, Cotonou
4 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga aminina Hudu,

Sallama irin ta addini, da gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya gwiwar nan taka? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, sun rushe Silimar Dogo. Wadda Kwaran nan, Balarabe dogo, ya gina bayan unguwar Gbégamey tun wurin yana rairayi da sauro, har muke tuɓe takalma mu rataya kafin mu kai. Gwamnatin juyin juya hali ta ce gidan taron jama'a za a yi a filin. Na je na tsaya daga nesa kamar mai neman ɓataccen akuya. Bangon da ake haska hoto shi ya faɗi ƙarshe. Na tuna yadda mu 'yan kara, masu cinikin shanu, muke cika layi na uku in za a nuna makiyayan nan masu malafa. Mutane na kallon harbi, mu muna kallon shanu. Kai ka taya, ni in ce albarka, marigayi Garba ya rantse jan bijimin nan yana da ciwon ƙafa, har Dogo ya tsayar da na'ura ya roƙe mu mu bar mutane su ji.

To ga inda take ƙasa tana dabo. Ka san ranar da na nemi auren Ramlatu, mahaifinta Liman Jibrilu ya tambaye ni ko ina shiga silima, na ce ko hanyar ban sani ba. Shekara ashirin da shida tana kafa wa 'ya'ya da jikoki misali da ni. Ni kuma ina gyara rawani ina gyaɗa kai.

Delege, wato wakilin gwamnati a unguwa, Kamarad Chaïbou, ya kwashe bencunan ya kai ajin yaƙi da jahilci na mata. Ramlatu tana ajin. Kuma duk bencunan duniya, a kan namu take zama, wanda ka sa wuƙa ka sassaƙa WADA MAISHANU da boko don ka nuna mana ka yi makarantar lakwal shekara biyu. Ta iya A, ta iya D. Rahamar da Allah ya yi mini ita ce W tana can ƙuryar jerin haruffa.

Kai ka haƙa ramin nan, sai ka turo shawara. Gaida Mairama.

Naka,
Wada

2 ga Mayu, 1978

Hudu,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na kuma bi shawararka, Allah ya saka maka daidai da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ajin ba kowa, na shiga da 'yar wuƙata. Ban kai ga taɓa katakon ba sai ga Chaïbou a kaina. Yaron da na yanka wa ragon suna, yau shi ke kirana kamarad. Ya yi mini bayani mai tsawo cewa bencin nan dukiyar talakawa ce, mai kankare ta maƙiyin juyi ne. Da na ga abin zai kai ofis, na ce ai shafa haruffan nake yi don sha'awar karatu. Daɗi ya kama shi har ya rungume ni. Yanzu haka ina ajin maza, Litinin da Laraba, da allo da alli, ni da na sauke Alƙur'ani kafin a haife shi.

Ramlatu kuwa kanta kamar wuƙa. Kullum tana tuƙa tuwo tana rera haruffa, kowane mako ta ƙaro uku huɗu, ni ina lissafi kamar saniyar da ke jin ana wasa wuƙa. Jiya ta tsaya a T, ta dube ni, ta tambaya ko gishiri ya ji. Abinci ya daina yi mini daɗi.

A sa mu a addu'a.

Wada

23 ga Mayu, 1978

Aminina Hudu,

Bayan gaisuwa, ta kai W ranar Alhamis.

Na dawo daga kara na zauna a tabarma ina jiran hukunci. Sai ta ajiye mini soyayyar gyaɗa a ƙunshin takarda mai tsini, an murɗe bakinta sau biyu. Hudu, wuri ɗaya ake wannan ƙunshi a garin nan, ƙofar Dogo. Ka tuna gwoggon nan mai faranti, da 'yar budurwa a bayanta da mayafi har hanci, wadda ke ƙunsawa? Shekara uku ina karɓar gyaɗa daga hannun matata ban ɗaga ido ba.

Ta ce kowace Lahadi tana ganina. Ta ce ranar da aka nuna garken da ya auka kogi, maza suka fito suna dariya, ni na fito ina share ido da hannun riga, a ranar ta gaya wa gwoggonta in wannan ya zo nema a ba shi. Sa'ad da nake wa Liman ƙarya tana bayan zana tana cizon mayafi. Bencin ma tun ranar farko ta sa malama ta karanta mata, ta zaɓe shi. Makonnin nan bakwai kallona take yi, ta ce ita ma ai ta cancanci silimarta.

Na tambayi tarar da zan biya. Ta ce shekara uku ta yi a bakin ƙofa tana jin kiɗa da ihu, ba ta taɓa ganin abin da ke ciki ba. Saboda haka Lahadi mai zuwa zan kai ta silimar cikin gari, da rana tsaka, ta gaban majalisar kara. Ta ɗinka sabon zane. Sharaɗinta ɗaya, in shanu suka fito kada in taya.

Ajin maza kuwa Chaïbou ya ƙi sallamata. Ina kan B.

Gaida Mairama, ka tambaye ta ko ita ma ta taɓa sayar da wani abu a wata ƙofa.

Amininka har kullum,
Wada Maishanu