Na Bernie, Busasshe Ƙamas

Buffalo,
Talata, 29 ga Afrilu.

Zuwa ga yayana Thaddeus,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Imogen da yara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan, ya tsare ka a bakin aiki, ya raya mana su Callum. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Sanyi ya sake mu, amma titi duk caɓi ne. Maigidana Wendell ya gyara ƙofar garejin da Baba ya shekara shida yana cewa gobe zai duba. 'Yata Josie ta ci jarrabawar tuƙi a karo na uku, saura unguwa ta yi hattara. Ista ta wuce salin alin, Anti Halina ta kawo pierogi, ƙullin fulawar nan mai ciko, tire guda kamar kullum, Mama ta yaba kyansu, ta ƙi kai ko ɗaya baki. Da hannu nake rubuta maka, zan ɗauki hoton takardar in turo ta waya, don in na kira ka ba za ka bar ni in kai aya ba, ni kuma kuka zai ci ƙarfina.

Maganar ranar Juma'a ce ta sa na zauna. Ka san ranar ce zan sa hannu a takardar gidan kula da tsofaffi, kai ka riga ka sa naka daga Perth. Ban manta da abin da muka shirya ba: in Afrilu ya ƙare Mama ba ta koma cin abinci ba, za mu kai ta inda za a riƙa lura da ita. Likita ya ce tun rasuwar Baba a watan Janairu kullum raguwa take, ni ma da idona na ga zobenta na aure yana yawo a yatsa. Ban ga laifinka ba, Yaya. Amma mako uku ke nan ban iya zama wuri ɗaya ba, in na ɗauki wanki sai in tsinci kaina a tsakar gida da cokali a hannu. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ce ƙanwarka ta sake tsiro da wata.

Ka tuna ƙarfe biyar na gidanmu. Tun da Baba ya yi ritaya daga mashayar otal, rana ba ta taɓa faɗuwa bai ɗaura farin ƙyallensa a ƙugu ya haɗa giyar martini kofi biyu ba, nasa da na Mama. Ƙanƙara a jug, dogon cokalin nan, juyawa a hankali, don a wurinsa mai girgiza martini da mai yi wa coci fashi duk ɗaya ne. Sai sun sha a baranda sannan a zuba abinci. Mama kuwa kafin ta kai rabin kofi ta fara ƙyalƙyala dariya, ta karkata kai ta soma 'yar waƙar nan tata, shi kuma ya ce, Bernie, ya isa haka, maƙwabta na ji. Ko da zuciyarta ta fara ciwo shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba a fasa ba, Baba ya ce mana likita ya yarda da kofi ɗaya a rana. To farkon watan nan na lura da wani abu. Kullum biyar saura kaɗan Mama za ta taje kai, ta fita baranda ta zauna, ta yi ta kallon ƙofar kicin. In shida ta yi sai ta tashi ta ce ba ta jin yunwa. Nan na ce a raina, ashe martini ne ƙofar abincin, ni kuma na bar ta a rufe wata uku.

Matsalar ita ce giyar jin ɗin da ake haɗa martinin Mama da ita dabam take. Ta Baba kowa ya san ta, mai koren tambari, tana can cikin firiza. Ta Mama kuwa a wata kwalba marar suna take, a jikin ƙofar firij, wai wani abokinsa ke kawo masa daga Ingila, kuma wanda ya taɓa ta sai ya ga ɓacin ransa. Ni da hannuna na zubar da ɗan abin da ya rage a cikinta ranar jana'iza, na wanke kwalbar tas, don in sama wa kwanukan abincin maƙwabta wuri. Na yi da-na-sani har na gaji. Na buɗe gwangwanin katunan da yake rubuta haɗe-haɗensa, ga na negroni, ga na gimlet, ga na Tom Collins, kowanne da awonsa dalla-dalla. Katin Mama layi huɗu ne kacal: Na Bernie. Busasshe ƙamas. Juyi talatin. Ɓawon lemo, ban da zaitun. Babu sunan jin, babu awo.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ni 'yar Kaz ce, na san busasshen martini shi ne wanda aka rage wa vermouth, farar giyar nan mai ɗacin ganye, aka bar jin ya yi rinjaye. Saura in gano wane jin ne. Na tafi shagon giya na kusa da tashar bas, na sami wata mata mai zobe a hanci, ta yi mini karatu kamar zan zana jarrabawa. Ta ce akwai irin na Landan mai ƙarfin ƙamshin 'ya'yan itacen junifa, akwai mai ɗan zaƙi irin na mutanen da, akwai na zamani mai ƙamshin kokwamba da fure, akwai na sojan ruwa wanda in ka sha sai ka ji shi a kunne. Ta tambaye ni wane iri mahaifiyata ke so, na ce da na sani me zai kawo ni wurinki? Da ɗai-ɗai sai da na jera kwalba bakwai a teburin cin abinci. Wendell ya shigo ya tsaya yana kallo, ya ce, Marcella, in kira Fadan coci ne ko in kira 'yan sanda?

Kullum ƙarfe biyar in haɗa in kai mata. Ta ɗauka, ta shinshina, ta ɗan taɓa da leɓe, ta ture kofin da yatsa ɗaya ta ce ba shi ba ne. Na rage vermouth daga kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗigo uku. Na koma ɗauraye kofin da shi kawai in zubar. Wata rana don haushi na yi abin da Baba ke yi wa masu iyayi a otal, na nuna wa kofin kwalbar daga nesa na mayar da ita. Duk da haka ba shi ba ne. Na ce, Mama, don Allah ki gaya mini me ya rage, ɗaci ne ko ƙamshi? Ta ce ita ba ta taɓa haɗawa ba, sha kawai take yi, in tambayi ubana. Wallahi Yaya ranar sai da na fita waje na zagaye gidan sau huɗu kafin in iya sake kallonta.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki katin na tafi wurin Kawu Augie, wanda suka yi shekara talatin suna tsaye a bayan kantar mashaya ɗaya da Baba. Yana gidan 'yarsa yanzu, ƙafa ta ƙi, amma bakin yana nan. Ya sa tabarau ya karanta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, ke 'yar Kaz, a ina ubanki ke ajiye tasa kwalbar? Na ce firiza. Ya ce ta Bernie fa? Na ce ƙofar firij. Ya ce to, da kika yi makaranta har jami'a, me ya hana shi sa su wuri ɗaya? Ya ce jin ba ya daskarewa a firiza, amma ruwa yana daskarewa ya fasa kwalba. Ya ce, sakarai, busasshe ai iri biyu ne a bakinmu. Akwai na vermouth, wanda kowane ɗan gayu ya sani. Akwai kuma wanda muke nufi in mun ce wane ya bushe, wato ya daina sha, ko mu ce gari kaza busasshe ne, ba a sayar da giya a cikinsa. Ubanki da ya rubuta ƙamas, ƙamas yake nufi, ko ɗigon giya babu.

Ashe likita bai taɓa yarda da kofi ɗaya ba. Cewa ya yi da maganin zuciyar da aka ɗora ta a kai ko ɗigo kada ta sha. Kawu Augie ya ce Baba ya zo masa ido jajir, ya ce in ya raba Bernie da ƙarfe biyar gara ya raba ta da zuciyar gaba ɗaya a huta. Suka yi mako uku a kicin ɗin Kawu suna gwaji kamar bokaye: 'ya'yan junifa, ɗan koriyanda, masoro da 'yar citta don ta ji zafin nan a maƙogwaro, a jiƙa a ruwan zafi da ɓawon lemo, a tace sau biyu. Ya ce in duba gareji, kwalbar da aka rubuta wa ƙusoshi. Ya ce Baba ya rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa, ga shi ya tafi ya bar shi da rantsuwa a wuya, in ya je can sa yi shari'a. Ni ban ma tsaya jin ƙarshen ba. Abu ɗaya ke yi mini yawo a kai: mako uku ina miƙa wa mahaifiyata abin da zai iya kashe ta, har da na sojan ruwa. Ban san yadda na tuƙo mota na iso gida ba. Kwalbar ƙusoshin kuwa tana nan a kan kantar garejin, cike da junifa.

Ranar Lahadi na haɗa. Na kai mata baranda. Ta shinshina, ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta daɗe tana kallon titi. Can ta ce juyi nawa na yi? Na ce talatin. Ta ce ƙarya nake, ashirin da bakwai ne, tana jin ƙarar cokalin daga nan, kuma masoron ya yi yawa. Na ce wane masoro? Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, ke Marcella, shekara hamsin da huɗu ina auren mai haɗa giya, kina tsammani ban san jin da ruwa ba? Ta ce tun kurɓar farko ta gane. Ta ce Baba ya kawo mata yana ta cika baki wai na Ingila ne, gumi na keto masa, sai ta ga in ta yi magana za ta karya shi. Don haka ta sha rabi, ta yi masa dariyar, ta yi masa waƙar, kuma ba ta fasa ba ko rana ɗaya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Na ce, Mama, kina kallo ina yawon shaguna kamar mahaukaciya, kina ramewa, ana shirin raba ki da gidanki, kalma ɗaya ta gagare ki? Ta ce asirinsa ne, ba nata ba. Shekara goma sha ɗaya ba ta tona shi yana raye ba, sai yanzu da yake kwance ba zai iya kare kansa ba? Ta ce nawa kuwa leɓe kawai take jiƙawa, ita ba ta gaji da duniya ba tukuna, kawai dai abinci ne ba ya wuce mata in biyar ta wuce haka nan. Daga nan ta leƙa kicin ta ce, miyar kabejin nan ta jiya, da saura? Ta sha rabin kwano da yankan burodi. Jiya Litinin ta shanye kwano guda, ta ce gishiri bai ji ba.

Na san abin da za ka ce. Kwana biyu ba hujja ba ne, kuma ni mai saurin yarda ce. Ni ma hankalina bai kwanta ba, yau da safe sau biyu na ɗora ta a sikeli har ta kore ni. Amma ba zan sa hannu ranar Juma'a ba, Yaya, kuma ina roƙonka ka kira mutanen gidan tsofaffin nan ka ce a dakata. Ka ba ni zuwa watan Yuni da za ku zo, ka gan ta da idonka. In ka ga ba haka ba, ni da kaina zan haɗa mata kaya, ba zan yi maka gardama ba. A can ba wanda zai jiƙa mata junifa, ba wanda zai tsaya ya ƙirga talatin.

Ka gaishe da Imogen, ka ce na gode da hotunan. Ka gaishe da Callum da Petra, ka ce wa Petra kakarta ta manna zanenta a jikin firij. Wendell da Josie suna gaishe ku, Anti Halina ma haka, Kawu Augie ya ce har yanzu yana tuna ranar da ka fasa masa jug. Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki.

Saura abu ɗaya, don kada ka zo ka yi mini sakarci a baranda. Jiya da ta kai rabin kofi sai na ga ta karkata kai, ta ƙyalƙyale da dariya, ta soma waƙar, tana satar kallona ta gefen ido. Na san ruwa ne, ta san na sani. Na rasa abin yi, sai na ji bakina ya ce, Bernie, ya isa haka, maƙwabta na ji. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da waƙarta, ni kuma na shige ciki na kifa kai a kan kantar kicin. In ka zo, ranar farko kai za ka faɗa, ni ba kullum nake iyawa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Marcella